Cunkoso a ɗakin cin abincin lise: lissafin da ake yi kafin a kira magini

Idan kwamitin kula da makaranta, wato COGES, ya zauna kan matsalar turereniya a ɗakin cin abinci, maganar da ke fara fitowa ita ce ɗakin ya yi kaɗan, a nemo kuɗi a gina babba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maradi, kuma tun daga lokacin yara sai ƙaruwa suke yi, alhali gine-ginen makarantu da yawa an yi su ne don rabin ɗaliban da ke cikinsu yau. Sai dai wanda ya tsaya da agogo a hannu ya kalli yadda ake cin abincin rana zai ga abin mamaki: ƙofa ta cushe, ana ture-ture a tagar rabo, amma bencinan ƙarshen ɗaki babu kowa a kansu. Mutane sun taru ne a wurare uku ƙanana, bakin ƙofa da bakin tukunya da bakin famfo. In aka gina ɗaki ninki biyu aka bar waɗannan ukun yadda suke, an kashe miliyoyi ne cunkoson yana nan daram.

Don maganar ta zauna, mu ɗauki misalin wata makarantar sakandare mai ɗalibai 900 masu cin abincin rana, daga ƴan sizyam, ajin farko, har ƴan tarminal, ajin ƙarshe. Ɗakinta mita 20 ne a tsawo, 12 a faɗi. Ƙofa ɗaya, tagar rabo ɗaya, famfo biyu a gindin bango. Kowa na iya cire waɗannan alƙaluma ya sa na makarantarsa, hanyar lissafin ba ta canzawa.

Awo na mako guda

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki kimar ido ba ta wadatarwa, domin abin da ke jawo cunkoson daƙiƙoƙi ne. Ana buƙatar mutum huɗu da agogon waya da takarda, kwana biyar a jere, saboda ranar tuwo da ranar shinkafa ba saurinsu ɗaya ba. Na farko ya tsaya a tagar rabo ya ƙirga ɗalibai nawa ake sallama cikin minti ɗaya. Na biyu ya yi haka a famfo. Na uku ya zaɓi ɗalibai goma kowace rana, ba tare da sun sani ba, ya rubuta lokacin da kowannensu ya zauna da lokacin da ya tashi. Na huɗu ya riƙa ƙirga wuraren zaman da babu kowa duk bayan minti biyar.

A ce an samu mai rabo tana ɗaukar daƙiƙa 8 kan kowane ɗalibi: ta karɓi kwano, ta zuba shinkafa, ta ajiye wannan ludayi ta ɗauki wancan, ta zuba miya, ta miƙa. Ɗalibi 900 sau daƙiƙa 8 ya ba da daƙiƙa 7,200, awa biyu cur. In hutun cin abinci awa ɗaya ne, rabin makarantar ba za su kai tagar ba sai an koma aji. Yara sun san wannan lissafi ko ba su taɓa rubuta shi ba, shi ya sa suke rugowa da gudu, shi ya sa manya ke ture ƙanana. Mai bulala a bakin ƙofa ba zai iya gyara wannan ba, don yaron da ya bi layi cikin ladabi shi ne zai wuni da yunwa.

Wuraren zama nawa ake buƙata

Akwai ƙa'ida a ilimin layi da wani masanin Amurka, John Little, ya tabbatar a 1961: yawan mutanen da ke cikin wuri daidai yake da yawan masu shiga a minti ɗaya sau yawan mintocin da kowa ke yi a ciki. Yaro na buƙatar kamar minti 20 a zaune don ya ci abinci ba tare da haɗiyar gaggawa ba. To, idan aka ƙara masu rabo har ana sallamar mutum 30 a minti, aka kuma saki makarantar gaba ɗaya lokaci guda, za a buƙaci wurin zama 600. Nan ne masu gyara da yawa ke gudun gara su faɗa gidan zago: sun buɗe tagogi huɗu, layin waje ya ɓace, amma yanzu yara fiye da 300 na tsaye cikin ɗaki riƙe da kwanon miya mai zafi suna neman wurin zama. Saurin rabo da yawan benci da tsarin sakin azuzuwa abu ɗaya ne, ba a taɓa ɗaya a bar sauran.

Yanzu a duba abin da ɗakin zai iya ɗauka. Teburi mai tsawon mita 2.4 da faɗin santimita 70 yana ɗaukar mutum takwas, huɗu kowane gefe, kowa da santimita 60. Tsayin teburi ya zama 75, na benci 45. In an haɗa faɗin teburi da zaman mutane gefe biyu da ratar santimita 60 tsakanin bayan wannan da bayan wancan, kowane jeri yana cin mita 2.2. A faɗin ɗakin kuma teburi huɗu na cin mita 9.6, saura 2.4, sai a raba shi hanya biyu masu mita 1.2: teburi ɗaya a jikin bango, hanya, teburi biyu haɗe a tsakiya, hanya, teburi ɗaya a ɗaya bangon. Ta haka babu teburin da bai taɓa hanya ba. A ware mita 4 a gaban ɗaki don rabo, saura 16, wato jeri bakwai. Bakwai sau huɗu sau takwas: wurin zama 224.

Da wannan adadi hanya biyu ce a buɗe. Ta farko ita ce sakin aji-aji. In azuzuwa 15 ne masu ɗalibi 60, a riƙa sakin aji ɗaya duk minti shida. Mutum 10 ke nan a minti, sau minti 20, wurin zama 200. Ɗakin ya isa ba tare da an aza bulo ko ɗaya ba, kuma masu rabo biyu sun wadatar. Wahalarta ita ce darussa awa-awa ake yin su, ba malamin lissafin da zai yarda a yanke masa darasi a minti na 18. Wannan tsari ya fi dacewa da abincin dare a makarantar kwana, inda babu jadawalin da za a karya.

Ta biyu ita ce zango uku, mutum 300 kowanne, minti 30 kowane zango: goma na wanke hannu da karɓar abinci, sauran na ci da kwashe kwanoni da goge tebura. Ita ce ta fi sauƙin riƙewa da rana, domin rabin awa yana shiga jadawali ba tare da rigima mai yawa ba. Amma tana buƙatar wurin zama 300, don haka sai an ƙara tebura goma a ƙarƙashin rumfa, kuma sai an sallami mutum 30 a minti, wato wuraren rabo huɗu. Wanda ke tsara jadawalin darussa ya kamata ya zauna a taron tun ranar farko. Shi ne ainihin injiniyan wannan aiki, ko da yake ba a cika gayyatarsa ba sai an gama yanke shawara.

Ƴan sizyam da sankiyam su riƙe zangon farko kullum. Sauran zango biyun a riƙa musanya su mako-mako, don kada wasu su dawwama a kan ƙanzo. Kati mai launi uku, ko ɗan guntun roba da aka huda, ya isa ya bambanta zango. Mai duba katin ya tsaya mita biyar ko shida kafin ƙofa, ba a bakinta ba, domin duk wanda aka tsayar ana gardama da shi a bakin ƙofa ya toshe mutum hamsin a bayansa.

Bakin tukunya

Daƙiƙa takwas ɗin nan ana iya rage su ba tare da an sayi komai mai tsada ba. Mace ɗaya ta riƙe ludayin shinkafa, wata ta riƙe na miya, kwano na tafiya daga hannu zuwa hannu ba ya komawa baya. Kwanoni su kasance a jere a farkon layi, yaro ya ɗauka da kansa. Ranar tuwo a malmala shi tun a madafa a jera cikin kula, rabo ya zama ɗauka-miƙa kawai. Ludayi ya zama mai awo ɗaya a duk wuraren rabon, in ba haka ba cikin kwana biyu yara za su gano uwar da hannunta ya fi sakewa, layinta ya ninka na sauran. Ruwan sha kuwa a kai shi can gefe, nesa da layin abinci, ko a ajiye buta ko jug a kowane teburi.

Tsawon kantar rabo ma abin dubawa ne. Wurare huɗu na buƙatar kamar mita 1.5 kowanne, mita shida ke nan, da tsayin santimita 85 zuwa 90. Tukunya ko kula ta zauna ƙasa da kantar kaɗan, don mai rabo kada ta riƙa ɗaga kafaɗa sau ɗari uku. Tsakanin layi da layi a sa ƙarfe ko igiya mai faɗin santimita 70, yadda mutum biyu ba za su iya jerawa kafaɗa da kafaɗa ba. Layi biyu na mata, biyu na maza, shi ya fi kwantar da hankalin iyaye da na ƴan matan kansu, da yawansu sun gwammace su haƙura da abincin da su shiga gwamutsi da samari. In yawan mata da maza bai zo daidai ba a wani zango, a daidaita da yawan layuka, kada a bar layi ɗaya ya yi tsawo ɗaya babu kowa.

Akwai kuma hanyar da ta fi kusa da al'adarmu, cin tarayya. Maimakon mutum 300 su yi layi, kowane teburi ya tura mutum ɗaya ya ɗauko babban faranti na mutum takwas. Layi ya koma mutum 38, kwanonin wankewa sun ragu ƙwarai. Ga sauri ba ta da na biyu. Amma tana da nata ciwon. Mai saurin hannu yana cinye rabon mai sanyin hannu, nama yakan haddasa faɗa, wanda bai wanke hannu ba ya shafa wa bakwai, kuma in aka jera farantan tun kafin yara su shigo abincin ya huce ƙuda ya sauka. Matsakaiciyar hanya ita ce a kai wa teburi abinci a babbar roba mai murfi da ludayinta da kwanoni takwas, shugaban teburi na mako ya raba a gaban kowa. Sharaɗin shi ne ƴan teburi su kasance sa'o'in juna. Haɗa ɗan sizyam da ɗan tarminal a kwano ɗaya zalunci ne da sunan zumunci.

Wani kuskure da ke rusa tsarin zango cikin mako ɗaya shi ne rashin raba abincin kashi uku tun kafin a fara. A ce ana ba kowa giram 150 na ɗanyar shinkafa: kilo 135 ke nan a rana, 45 kowane zango, kusan buhu mai kilo 50. In aka fara ɗiba daga tukunya ɗaya ba awo, zangon farko zai ƙoshi, na uku ya sami gindin tukunya, washegari kowa ya dawo rububin shiga na farko. A auna na kowane zango a rufe daban, har da miya da nama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba bisa wuta ba, kuma mai zafi a riƙe shi sama da digiri 60. Shinkafa tana cikin abincin da ke saurin jawo ciwon ciki in ta daɗe da ɗumi-ɗumi. Tunda zango uku na cin minti 90, abin da ya fi shi ne girki biyu: na farko ya sauka daf da zangon farko, na biyu ya sauka ana tsakiyar zango na biyu.

Famfo, da inda ruwan ke zuwa

Wanke hannu da sabulu yadda ya kamata, haɗe da matsowa da matsawa, yana cin kusan rabin minti. Famfo ɗaya mutum biyu ke nan a minti. Famfo biyun makarantar misalinmu na sallamar mutum huɗu a minti, alhali ana son 30. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne yara su daina wankewa, ko ashirin su tsoma hannu a bokiti ɗaya. Mutanen jihar nan ba su manta kwalarar da ta ɓulla a Madarunfa a 2018 ba, don haka wannan ba maganar ƙawa ba ce.

Ana buƙatar kan famfo 16. Kwatami ɗaya na siminti mai tsawon mita 4.8, bututu a tsakiya, kai takwas kowane gefe da tazarar santimita 60, gefe ɗaya na mata ɗaya na maza. A gina shi a waje, a kan hanyar da ta taho daga azuzuwa zuwa ƙofar shiga, yadda ba a isa abinci sai an bi ta gabansa. Kan famfo mai arha ba ya kai wata uku a hannun yara ɗari tara. Gara a sayi mai ƙarfi na tagulla mai juyi kwata, a ajiye guda huɗu a sito, a kuma sa makulli ɗaya babba a farkon bututun don a iya rufe duka in ɗaya ya lalace. Sabulun gari da aka dama a gora mai hudadden murfi, aka ɗaure da igiya, ya fi sabulun sanda daɗewa, wanda ke tafiya a aljihu.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantu shi ne aƙalla lita 5 ga kowane mutum a rana a makarantar jeka-ka-dawo, lita 20 a ta kwana. Ga mutum 900 na rana lita 4,500 ke nan, don haka tanki mai lita 5,000 da ke cika da dare shi ne kariya daga yankewar ruwa da tsakar rana. A tuna cikakken tankin nan tan biyar ne, ƙafafunsa aikin injiniya ne, kada a bar wa mai walda ya ƙiyasta da ido. Sannan lokacin abincin rana yana haɗuwa da azahar. In wurin alwala da wurin wanke hannu ɗaya ne, lissafin rabin minti ya tashi a banza. A yi wa alwala nata wurin kusa da masallaci.

Ruwan da aka yi amfani da shi kuma sai an san inda zai tafi. Ƙasar tudun Maradi yashi ce, tana shan ruwa da sauri, amma bangon rami yana zubewa in ba a jera masa bulo mai ramuka ba. Ramin da ya kai mita biyu a zurfi, cike da duwatsu, ya isa ga kwatamin wanke hannu. Na wanke-wanke dabam ne: maiƙo yana toshe yashi cikin ƴan watanni, ruwa ya dawo sama, wari da sauro su biyo baya. Sai an sa ƙaramin akwatin siminti mai ɗaki biyu kafin ramin, inda maiƙo zai taso a riƙa kwashe shi kowane mako.

Ƙofofi

Mai shiga da mai fita kada su haɗu. Hanya ta zama ɗaya mai tafiya gaba: famfo, ƙofar shiga, rabo, teburi, wurin ajiye kwano, ƙofar fita a ɗaya ƙarshen. Yawancin tsofaffin ɗakuna suna da taga a bangon baya da za a iya fasa ƙasanta ta zama ƙofa, tunda akwai lintal, wato shingen siminti da rodi mai ɗauke da nauyin bango, a samanta, amma faɗaɗa ta sai an zuba sabon lintal. Dokar kariyar gobara ta Faransa ta 1980 ma'auni ce mai kyau a nan: ɗakin da ke ɗaukar mutum 201 zuwa 300 ya kasance da mafita biyu, misali ƙofa biyu masu faɗin mita 1.4, kuma su buɗe zuwa waje. Ƙofar da ke buɗewa ciki, ranar da aka firgita, jikin yaran ne zai danne ta. Kada a sa mata kwaɗo lokacin cin abinci da hujjar hana satar kwano. Dokin ƙofa mai tudu a sassabe shi, a yi gangara mai sauƙi, kada ta wuce tashin santimita 8 a kowace mita, saboda mai keken guragu da kuma masu ɗauko tukunya.

Wurin mayar da kwano ya kasance a waje, bayan ƙofar fita, ƙarƙashin inuwa: ganga ta zuba saura, sai baho uku, na sabulu, na ɗauraya, na ruwa mai ɗan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, sai ragar ƙarfe ta shanya a rana. Kada a goge da tsumma. Kwano 300 ba za su yi zango uku ba, domin ba a wanke su su bushe cikin minti biyar. A tanadi 600, saiti ɗaya na kan tebur ɗaya na kan raga.

Benci, daɓe, rufi

Bencin da aka yi wa walda a jikin teburi yana hana sata da jan kaya, amma mai zani da dogon hijabi ba za ta iya tsallaka shi riƙe da kwano ba. Gajerun benci biyu masu mita 1.2 a kowane gefe sun fi dogo ɗaya, na ciki yana fita ba tare da ya tayar da mutum uku ba. Ƙafa ta ƙarfe, saboda gara, da roba a ƙasanta, saboda ƙara. Saman teburi a lulluɓe shi da farantin ƙarfe marar tsatsa ko fomika, katako tsirara yana shan miya. Daɓen siminti mai sulɓi haɗari ne ranar miyar kuɓewa. A bar shi da ɗan kaushi, a karkata shi santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa magudana, don a iya wanke shi da bokiti.

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin yana korar yara waje da kwanoninsu, a nan ne kwanoni ke ɓacewa. Maganin da mai zanen gine-gine Francis Kéré ya yi amfani da shi a makarantar Gando ta Burkina Faso, wadda aka gama a 2001, shi ne ɗaga kwanon sama da ginin a bar iska tana ratsa tsakaninsa da rufin ƙasa. Ko ba a kai can ba, fasa ramukan iska a saman dogayen bangaye biyu, a rufe su da raga, da shafa wa kwanon farin fenti, suna rage zafi sosai. Fanka goma sun dace da ɗaki mai wannan girma, amma a yi tsarin kamar babu su, don wuta takan ɗauke ne daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Rumfar tebura goma tana buƙatar kamar mita 10 a tsawo da 9 a faɗi, a jingine da bangon arewa in da hali, inda inuwa ta fi daɗewa a yawancin shekarar karatu. Ginshiƙan ƙarfe, rufin kwano mai tsayin da bai gaza mita uku da rabi ba, daɓen siminti, da gajeren bango a gabas da arewa maso gabas don tare ƙurar hunturu da ruwan da hadari ke korowa daga gabas. Zana da kara kuwa a manta da su gaba ɗaya. Gobarar da ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar garin Maradi a watan Nuwamba na 2021, ta kashe yara fiye da ashirin, ta isa hujja, balle a rumfar da ke maƙwabtaka da murhu.

Madafa ma tana da gurbinta. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma. Madafar da ke ɗaya daga waɗannan kusurwoyi biyu za ta riƙa tura hayaƙi cikin ɗakin rabin shekara. Arewa maso yamma ko kudu maso gabas su ne wurinta. In da itace ake girki, murhun gini mai bututun hayaƙi da aka yi daidai gindin tukunya ya fi duwatsu uku tattali nesa ba kusa ba. In gas ne, wanda ya yawaita tun da matatar Zinder ta fara aiki a 2011, tukwanen gas su zauna a waje cikin keji mai inuwa, da ramukan iska a ƙasa, domin gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya in ya zuba. Ana gwada mahaɗar tiyo da ruwan kumfa, ba da ashana ba. A ajiye bokitin yashi da murfin tukunya kusa da wurin suya, wutar mai ba a zuba mata ruwa.

Masu sayar da awara da ƙosai da ɗanwake a bakin makaranta suna rage wa ɗakin cin abincin nauyi, korarsu ba dabara ba ce. A ba su wuri mai inuwa nesa da ƙofar ɗakin, da sharaɗin rufe abinci da tsabtace wurin, don cincirindonsu kada ya haɗu da layin shiga.

Jerin aiki

Kafin a kashe ko jikka ɗaya wajen mai walda, a gwada tsarin da abin da ke hannu. A zana hanyoyi da gurbin tebura a ƙasa da farar ƙasa, a ja igiyoyin layi, a aro teburan aji a yi kantar wucin gadi, a jera butoci goma sha shida a madadin famfo, a yi zango uku na mako biyu. Uwayen madafa su faɗi abin da suka gani, domin su ne suka san inda tukunya ke maƙalewa da inda ƙafa ke zamewa, sannan a sake awon nan na mutum huɗu a kwatanta da na farko. Abin da gwajin ya tabbatar shi za a zuba wa siminti: kwatamin famfo da tanki da farko, sai ƙofa ta biyu da kantar rabo, sai kwanoni da benci, rumfa a ƙarshe.

Fasa bango da zuba daɓe aikin babban hutu ne, daga Yuli zuwa Satumba, kuma damina na taimaka wa siminti ya kama da kyau, sai dai ramukan ruwa a tona su a jera bulonsu cikin kwana ɗaya ko biyu kafin ruwan sama ya rusa su. Ƙananan ayyuka kamar fenti da gyaran benci da canza kawunan famfo suna shiga cikin watan azumi, lokacin da ɗakin ke zama kusan babu kowa da rana. Daɓen da aka zuba a bar shi aƙalla mako guda ana yayyafa masa ruwa safe da yamma kafin a ɗora masa tebura, wanda ke nufin a gama zubi kafin tsakiyar Satumba in ana son ɗakin ya karɓi ɗalibai ranar komawa makaranta a Oktoba.